Hoton Malam Da Ya Ƙi Tsayawa

"Ɗauki ki duba."

Baba Abatcha bai miƙa mata wayar a hannu ba. Jefa ta ya yi a kan tabarma, ta zame har gaban gwiwarta. Dawowar Raliya ke nan daga likita, ko farar rigarta ta aikin ungozoma ba ta cire ba.

Ta dubi mahaifiyarta. Inna Rahama tana zaune a bakin ɗaki cikin kayan takaba, kanta a sunkuye, carbi a hannu amma ba ta ja.

Raliya ta ɗauki wayar.

Mahaifinta ne. Malam Aisami, wanda aka rufe wata na uku ke nan, yana zaune ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida, hularsa ta ɗan karkace, yana dariya yana kaɗa hannu. Hannun ya tashi, ya sauka, ya sake tashi. Babu murya. A ƙasan gemunsa an rubuta da manyan baƙaƙe masu ruwan ɗorawa: WUCE CAN, MAYUNWACI.

Ta ajiye wayar a kan tabarma.

"Kin gani?" in ji Baba Abatcha, ƙanin marigayin. "A tashar Kelle ne ɗan abokina Ibram ya tarar da direbobi suna aika wa juna suna ƙyalƙyata dariya. Duk wanda ya roƙi aboki abu, sai a jefa masa fuskar yayana. Yayana, wanda ko akuyar maƙwabta bai taɓa kora daga ƙofarsa da tsawa ba!"

"Baba, wallahi ba haka Jamilu ya yi shi ba. Babu wani rubutu a kai. Ni ya yi wa, ni kaɗai."

"Ke kaɗai? To yaya aka yi ya kai Kelle?"

Hawaye suka zubo mata. "Ni na saka shi a gurup ɗin dangi ranar sadakar arba'in. Na ga kowa yana kuka, na ce bari su ga dariyarsa. Daga nan ban san wanda ya fitar ba. In laifi ne, nawa ne."

"Da bai yanko shi daga bidiyo ba, me za ki tura? Mutum ya ɗauki mamaci ya mai da shi 'yar tsana, yana ta kaɗa hannu ba hutawa! Mu da muka sa shi a ƙasa muka roƙa masa kwanciya, shi ya hana shi kwanciya."

Inna Rahama ta saki wani siririn kuka, ta toshe bakinta da mayafi.

Baba Abatcha ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. "Goron neman aurenki da mutanensa suka kawo, yau zan mayar wa ubansa Mushe Usmanu. Dama can raina bai kwanta ba. Baƙi ne, gobe a canja wa ubansa wurin aiki su naɗe tabarma su koma Tawa. Kuma yayana bai taɓa buɗe baki ya ce mini ya ba shi ke ba. In har ni ne waliyyinki, wannan magana ta mutu."

"Baba, ka yi wa Allah…"

"Don Allah ɗin nake yi."

Ya karɓi wayarsa ya fice.

* * *

Duk Gure an san shagon Jamilu, ɗan Mushe Usmanu malamin lakwal, wato makarantar boko. Ɗan ƙaramin ɗaki ne kusa da tasha, da ordinata ɗaya, wato kwamfuta, da fanka mai ƙara. Shi ke ɗaukar bidiyon biki da suna, kuma shi ya fara yi wa 'yan mata abin da samari ke kira jif: ya ciro ɗan guntu daga cikin bidiyo, amarya tana juyi ko ango yana gyara rawani, ya mai da shi hoto mai motsi da ke maimaita kansa.

Makon da aka yi rasuwar, Raliya ba ta ci ba ta sha. Ta ce wa Jamilu abin da ya fi ƙona mata rai shi ne duk hotunan Malam a ɗaure yake da fuska, kamar wanda za a yi wa katin shaida. "Ina tsoro in manta yadda yake dariya," ta ce.

Kwana biyu bayan haka ya turo mata hoton nan mai motsi.

Ta tuna yadda ya yi mata bayani, da zumuɗin mai son sana'arsa. Ya ce sai da ya bi wani bidiyon Malam da ya taɓa ɗauka a hankali, hoto bayan hoto, har ya sami inda hannun Malam ya koma daidai wurin da ya taso, ya yanke a nan don kada a ga mahaɗin. Ya rage nauyinsa saboda rezon waya ba ƙarfi. Muryar kuma dole ta fita, irin wannan hoto ba ya ɗaukar sauti.

A lokacin ta rungume wayar a ƙirji ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Yanzu kuwa ko'ina ta juya shi ne. Ranar nan a wurin aiki wata sabuwar ma'aikaciya da aka turo daga Doso, wadda ba ta san kowa ba, ta miƙo mata waya tana dariya. "Raliya, dubi tsohon nan, wallahi shi nake tura wa mijina in ya dame ni." Raliya ta shiga ɗakin magani ta rufe ƙofa, ta durƙusa a bayan kwalaye ta yi kuka har sai da aka ƙwanƙwasa mata cewa ga mai naƙuda.

A gida kuma Ibram ya fara zarya. Ɗan abokin Baba Abatcha ne, mai fataucin raƙuma daga Alakoss, kuma ya taɓa nemanta tun tana makaranta ta ce ya yi haƙuri. Ba ya da hayaniya. Yakan zo da dabino da cuku, ya gai da Inna daga bayan labule, ya ce wa Raliya, "Allah ya ƙara haƙuri," ya tafi. Da ma yana da mugun hali, da ta sami abin riƙewa. Ba shi da shi. Jira kawai yake yi, ita kuma ta san abin da yake jira.

Inna ta sa ta yi alkawari ba za ta kira Jamilu ba. Ta riƙe alkawarin, amma ta rame har zobenta yana zamewa.

* * *

Ranar kasuwar Gidigir, Baba Abatcha ya bi motar Ibram tun da safe. Da hantsi Raliya tana wanke-wanke ta ji sallama a zaure. Kwanon da ke hannunta ya suɓuce.

Ta san muryar.

Ta tarar da shi tsugune a bakin ƙofa, jakar ordinata a kafaɗa. Idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe, rigar ma kamar da ita ya kwana.

"Jamilu, ka tafi. Idan aka gan ka…"

"Zan tafi. Babana ya ce in koma Tawa wurin kawuna har ƙura ta lafa. Na ce ba zan hau motar Tawa ba sai na zo na ba da haƙuri, ko da daga bakin ƙofa ne."

Ta jingina da bango. "Tawa?"

"Na rufe shago. Wa zai kawo mini aiki? An ce ina wasa da matattu." Ya share fuska da tafin hannu. "Raliya, na yi ƙoƙari, wallahi na yi. Fada-fada na bi, duk inda samari ke shan shayi, ina roƙo a goge. Wasu suka goge a gabana. Wasu suka ce ai ya riga ya kai Damagaram. Na rubuta a gurup na gari, na ce wannan bawan Allah ya rasu, uba ne ga wasu, don girman Allah a daina. Kin san amsar da wani ya ba ni?"

Ta girgiza kai.

"Hoton ya turo mini."

Raliya ta zame ta zauna a ƙasa, ta kifa kai a gwiwa.

"Ba a iya kiran shi ya dawo?" ta tambaya cikin kuka. "Kai da ka ƙera shi, ba ka da yadda za ka tsayar da shi?"

"Babu. Da ya fita daga hannu, kowa ya ajiye nasa. Rubutun ma ba ya buƙatar gwani, ko yaro mai waya zai iya ɗorawa. Na san haka tun ranar da na yi shi. Na sani, amma ban yi tunani ba. Fuskarki kawai nake gani."

"Ni na tura."

"Ni na yanka."

"Ka daina ɗauka wa kanka! Kullum sai in ce da na bar shi a wayata, da yanzu ana maganar ranar aurenmu. Baba ya ce Malam bai taɓa ba ka ni ba. Na ce ka gaya mini ya yarda, ya ce maganar saurayi ce."

Jamilu ya sauke jakar daga kafaɗa.

"Akwai abin da na ɓoye miki. Na so sai ranar ɗaurin aure in kunna miki, ya zama kamar yana wurin. Tunda babu ranar, gara ki ji yanzu."

Ya buɗe ordinatar a kan cinyarsa. "Kin tuna kafin azumi da ya ce in zo in ɗauki labarin yadda kakanku ya haƙa rijiyar gona? Da ya gama labari ban kashe ba. Na ga ransa a sake, sai na yi ƙarfin hali."

Ya danna.

Sai ga muryar Malam Aisami ta cika zauren, da ɗan tarin nan nasa da yake yi kafin magana. Raliya ta dafe ƙirji. Daga bayan kyamara aka ji Jamilu yana in-ina, yana cewa, "Malam, dama… dama ina so ne… game da Raliya…"

Malam ya fashe da dariya. Hularsa ta karkace. Ya ɗaga hannu ya kaɗa.

"Tashi ka ba ni wuri, ɗan nema! Ka ɗauka makaho ne ni? Je ka, je ka turo mini iyayenka bayan salla. Na ba ka ita, Allah ya sa albarka."

Nan ne daidai. Hannun nan ne, dariyar nan ce, ita ce ta zagaye gari da sunan korar mayunwaci.

Raliya ta juyo ta dube shi. "Wannan wurin ka yanka?"

"Duk cikin bidiyon nan kaɗai ya yi dariya sosai."

Bai kai ga rufe baki ba suka ji faɗuwar abu a bayan ƙofar cikin gida. Carbi ne. Inna Rahama tana tsaye, ta riƙe ƙyaure da hannu biyu.

"Wa ke magana?" ta ce. "Raliya, muryar wa nake ji a gidan nan?"

Jamilu ya yi saurin durƙusawa, kansa a ƙasa. "Inna, ki gafarce ni. Yanzu zan fita."

"Mayar."

"Na'am?"

"Mayar da shi baya, in ji."

Raliya ta kama ta ta zaunar da ita a kan dakali. Jamilu ya mayar. Malam ya yi tari, ya yi dariya, ya ce ya ba shi ita. Inna ba ta dubi hoton ba. Idonta a rufe, ta karkata kunne kamar mai sauraron tafiyar wani daga nesa.

"Ƙara."

Ya ƙara. A wannan karon ta ce a fara tun daga labarin rijiya. Suka zauna su uku suna ji. Inda Malam ya manta sunan wani kwari ya tsaya yana lalube, Inna ta faɗi sunan a hankali, kamar yadda ta saba tuna masa. Sai kuma ta gane abin da ta yi, ta rushe da kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da shi.

Da ta lafa, Raliya ta rarrafa ta riƙe ƙafafunta.

"Inna, kin ji da kunnenki. Ya ba shi. Idan Baba Abatcha ya ji wannan ba shi da ta cewa. A kira liman, a kira dattawa, a kunna musu."

Inna ta share ido da gefen mayafi.

"A kunna musu," ta maimaita. "Sannan wani ya ce a tura masa ya ji da kyau. Wani ya ce a tura wa yayarsa da ke Difa. Jibi in ji muryar mijina a bakin masu shayi, ana kwaikwayon tarinsa."

"Ba za a tura ba, Inna!"

"Haka kika ce da na farko."

Raliya ta saki ƙafafun kamar an ɗana mata wuta.

Inna ta juya ga Jamilu. "Ɗana, ban ce kai mugu ne ba. Malam ba ya yi wa mugu irin wannan dariya. Amma ka san abin da nake ji in na rufe ido? Hannunsa nake gani yana tashi yana sauka. Na zauna da mutumin nan tun ina da ƙuruciya, yau in na nemi fuskarsa a raina sai rubutun nan ya riga ta zuwa. Fuskar ta tafi, ba ni da iko a kanta. Muryar ce ta rage mini."

"Na fahimta, Inna."

"A wuri nawa take?"

"Cikin ordinatar nan, sai kuma wannan." Ya ciro ɗan kile daga aljihu, ƙaramin abin ajiya da bai kai yatsa ba. "Babu a wani wuri. Ban taɓa tura wa kowa ba."

"Ba ni wannan. Na cikin na'urar kuma ka goge a gabana."

"Inna!" Raliya ta yi ƙara. "Ita kaɗai ce shaidarsa! In ya goge, me ya rage masa? Jamilu, kada ka yi. Don Allah kada ka yi."

Inna ba ta dube ta ba. "Ban tilasta shi ba. Kayansa ne. In ya ga dama ya ɗauka ya kai wa dattawa, ba mai hana shi, kuma na san za su ba shi gaskiya. Roƙonsa nake yi."

Jamilu ya dubi Raliya. Ta girgiza masa kai, hawaye suna ɗiga daga haɓarta. Ya dubi tsohuwar da ta miƙo tafin hannu.

"Raliya," ya ce a hankali, "sau ɗaya na taɓa mahaifinki ban nemi izinin kowa ba, kin ga inda ya kai mu. In na same ki ta hanyar ƙona ran Inna, da wane ido zan shigo gidan nan?"

"To ni fa? Ni wa ya tambaye ni?"

Ya sa kilen a tafin Inna da hannu biyu. Ya juya ordinatar yadda za su gani, ya zaɓi bidiyon, ya zaɓi ɗan guntun da ya yanka, ya goge. Ya shiga kwandon da na'urar ke ajiye abin da aka zubar, nan ma ya share.

"Shi ke nan, Inna. Yanzu a duniya ke kaɗai ke da shi."

Inna ta ƙulle kilen a bakin mayafinta, ta ƙara ƙulli a kan ƙulli. "Allah ya yi maka albarka," ta ce, muryarta a dushe. "Allah ya ba ka mai jin ƙanka."

Ba ta ce ya zauna ba. Ba ta ce ya dawo ba.

Ya rataya jakarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. "Raliya, ki riƙa cin abinci. Kin rame."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ƙarar mota ta katse ta. Ta leƙa ta tsakanin ƙyaure. Motar Ibram ce ta tsaya ƙarƙashin itace, tun azahar ba ta yi ba. Ashe ba ciniki ya kai su Gidigir ba. Baba Abatcha ya fito daga gaba, wasu dattawa biyu da ba ta sani ba suka fito daga baya cikin manyan riguna, Ibram kuma yana sauke huhun goro.

Jamilu ya durƙusa a gefen hanya ya gai da su. Baba Abatcha ya bi ta gabansa kamar bai ga mutum ba. Ibram ne ya tsaya, ya ajiye goron, ya miƙa masa hannu. Suka gaisa. Jamilu ya miƙe ya bi hanyar tasha, bai waiwaya ba.

"Salamu alaikum!" Baba Abatcha ya ɗaga murya daga waje. "Rahama, ga baƙi daga Alakoss. Iyayen Ibram ne, sun zo gaisuwa, kuma da magana a bakinsu."

Raliya ta ruga ta kama hannun mahaifiyarta, daidai inda ƙullin yake. Tana jin taurin ɗan ƙarfen a cikin yatsunta.

"Inna, ba sai an kunna ba," ta ce da raɗa. "Ki faɗa da bakinki kawai. Ki ce kin ji. Ke za su yarda da ke. Inna, kalma ɗaya. Yana hanyar tasha, bai yi nisa ba."

Inna Rahama ta dube ta, idanunta jajur. Leɓenta ya motsa kamar za ta ce wani abu. Aka sake yin sallama daga waje, da ƙarfi fiye da ta farko.

Ta zare hannunta a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Tashi ki wanke idonki," ta ce. "Ki shimfiɗa musu tabarma."